Bayan Alƙali Ya Yanke Hukunci: Me Ya Rage Ga Wanda Aka Kayar?

A cikin birnin Zariya, inda gida guda yakan tara magada hawa uku ko huɗu, yawancin ƙararrakin da ke zuwa gaban alƙali na gado ne, ko aure, ko bashi, ko iyakar gida. Sau da yawa wanda aka kayar yakan zaci cewa da alƙali ya rufe littafi magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba, ko a fiƙihu ko a dokar ƙasa.

Asalin wannan babi shi ne wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, inda ya hore shi da kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana gare shi. Amma malaman Malikiyya sun yi wa wannan ƙofa iyaka: ana warware hukunci ne idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Ijtihadi kuwa ba a rushe shi don kawai wani alƙali yana da ra'ayi dabam, domin in da ana haka da babu shari'ar da za ta ƙare.

Hujja mafi ƙarfi ga wanda aka kayar ita ce rashin i'izari, watau tambayar da alƙali yake yi masa kafin hukunci ko yana da sauran hujja. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda ake karantawa a zaurukan malaman birni, ta sanya i'izari kafin hukunci, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe shari'a saboda an tsallake shi. Haka nan wanda aka yi wa hukunci ba ya nan, hujjarsa tana nan daram, yana iya roƙon a sake sauraronsa. Idan kuwa shaidu suka janye shaidarsu bayan hukunci a kan dukiya, hukuncin yana nan, su ne za su biya abin da suka jawo aka rasa.

A da, ana ɗaukaka ƙara daga alƙali zuwa majalisar Sarkin Zazzau. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962, sannan dokar 1967 ta soke kotunan sarakuna. A yau sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba irin wannan kotu ikon duba al'amuran aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rigimar mallakar fili zalla ba ta cikinsu, kuma wanda ya kai ta can yana iya yin asarar shekaru a banza.

Abubuwa uku ne suka kamata a kiyaye. Na farko, lokaci: galibi kwana 30 ne daga ranar hukuncin ƙaramar kotu, wanda ya makara kuma sai ya roƙi ƙarin lokaci tare da uzuri karɓaɓɓe. Na biyu, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai an nemi hakan daban, in ba haka ba ana iya raba gidan tun ba a zauna ba. Na uku, wanda aka ɗora wa bashi alhali yana cikin ƙunci yana iya neman a saurara masa ko ya biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

Wanda ya ci shari'a shi ma akwai gargaɗi gare shi. Hadisin Ummu Salama ya nuna cewa wanda ya karɓi hakkin ɗan'uwansa ta hanyar iya magana, yanki ne na wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali yana kashe husuma, amma ba ya halatta haram. Allah Ya datar da alƙalai da masu ƙara ga gaskiya, amin.