Darasi: Tsibirin Da Aka Kwashe Ƙasarsa Aka Yi Taki

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa zuba wa gyaɗa takin supa ya san amfaninsa. Amma ko mun taɓa tambaya daga ina wannan taki yake fitowa? Ana yinsa ne da wani dutse da ake kira fosfat, wanda ake haƙowa daga ƙasa. Darasinmu na wannan wata labarin wata ƙasa ce da ta yi arziki da wannan dutse, sa'an nan ta talauce ta dalilinsa. A karanta shi a taron ƙungiya, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Ina ne Nauru?

Nauru wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar Tekun Pasifik, arewa maso gabas da Ostareliya. Duka girmansa murabba'in kilomita 21 ne, watau eka 5,000 da 'yan kai. Mai keke zai iya zagaye shi tsakanin hantsi da azahar. Mutanensa wajen 12,000 ne. A dā sana'arsu kamun kifi ce da kula da itacen kwakwa da sauran itatuwan marmari. Kowane fili kuwa yana da mai shi, ana gadonsa daga iyaye zuwa 'ya'ya, kamar yadda muka sani a nan.

Yadda aka gano dutsen

Jamusawa suka mallaki tsibirin a 1888. Wajen 1900 wani Bature mai suna Albert Ellis ya lura da wani dutse da ake tokare ƙofa da shi a ofishin kamfaninsu a birnin Sydney. Daga Nauru aka kawo shi. Da ya gwada, sai ya tarar fosfat ne mai kyau ƙwarai. A 1907 aka fara lodinsa a jiragen ruwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya tsibirin ya koma hannun Ingila da Ostareliya da Niyu Zilan. Su uku suka kafa hukuma guda mai haƙar dutsen, suna sayar wa manomansu a kan farashi mai rahusa. Gonakin alkama da makiyayar tumaki na Ostareliya da Niyu Zilan suka yi kore shar. Masu ƙasar kuwa, da farko rabin kwabo ake ba su a kan kowane tan.

Ga yadda ake haƙar. Sai a sare itatuwa, a kwashe ƙasar sama, a kwaso fosfat daga tsakanin duwatsu. Abin da zai rage shi ne duwatsu masu tsini tsaye kamar haƙoran zarto, waɗansu sun fi soron bene tsawo. Ba a noma a wurin, ba a gini, ko tafiya ma da ƙyar. Yau kimanin kashi 4 cikin 5 na tsibirin haka yake.

A 1963 Ostareliya ta yi musu tayin su bar tsibirin, a ba su wani a bakin gaɓarta. Suka ƙi, gama ba su so su narke cikin wata al'umma. Maƙwabtansu na tsibirin Banaba, inda shi ma aka haƙi fosfat, ba su sami wannan zaɓi ba. Tun 1945 aka kwashe su zuwa tsibirin Rabi a ƙasar Fiji.

Shekarun daula

Ran 31 ga Janairu 1968 Nauru ta sami mulkin kai, Hammer DeRoburt ya zama shugabanta na fari. A 1970 aikin haƙar ya koma hannun 'yan ƙasa. To, a nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Da abin ya zo hannunsu ba a rage haƙa ba. Kuɗi ya yi ta shigowa, har aka riƙa lissafta Nauru cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki in an raba kuɗin bisa yawan mutane. Ba haraji, asibiti kyauta, makaranta kyauta.

Shugabanni sun san dutsen zai ƙare, saboda haka suka buɗe asusu domin 'ya'ya da jikoki. Shawara ce mai kyau, sai dai ba a tsare asusun ba. Aka kafa kamfanin jiragen sama wanda ya yi ta faɗuwa shekara da shekaru. Aka sayi otal-otal da gidaje a ƙasashen waje bisa shawarar baƙi waɗanda cikinsu akwai macuta. A 1993 har wasan kwaikwayo aka zuba wa kuɗi a London, bai daɗe ba aka rufe shi. Gwamnati kuma ta riƙa cin bashi tana jingina dukiyar asusun. A 1991 darajar asusun ta kai wajen dalar Ostareliya miliyan 1,300. Zuwa 2002 abin da ya rage bai kai miliyan 150 ba. A 2004 masu bin bashi suka sa aka rabu da dogon benen da ƙasar take taƙama da shi a birnin Melbourne.

Akwai wata hasara kuma wadda ba a rubuta ta a littafin kuɗi. Da kuɗi ya samu, mutane suka rage kamun kifi da dashe, suka koma ga shinkafa da sukari da abincin gwangwani da jirgi ke kawowa. Binciken likitoci a 1975 ya nuna kimanin mutum 1 cikin 3 na manya yana da ciwon sukari. Har yau ciwon yana damunsu, kuma har yau yawancin abincinsu daga waje yake zuwa.

Neman hakki da neman abin yi

A 1989 Nauru ta kai ƙarar Ostareliya a Kotun Duniya saboda ɓarnar da aka yi kafin mulkin kai. A 1993 aka sasanta, Ostareliya ta yarda ta biya dala miliyan 107 nata. Amma kuɗi ba ya komawa ƙasar noma da kansa. Sai an fasa duwatsun, an baje, an tara sabuwar ƙasa, aikin kuwa bai yi nisa ba.

Wanda ba shi da rumbu, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. A 2001 Nauru ta yarda Ostareliya ta riƙa tsare masu neman mafaka a tsibirin tana biyanta, abin da ya jawo mata suka mai yawa. A 2021 kuma ta matsa wa hukumar duniya mai kula da ƙarƙashin teku ta gaggauta dokokin haƙar ma'adinai a can ƙasan ruwa. Wannan ya raba kan ƙasashen Pasifik. Palau da Fiji da Samoa suka ce a dakata tukuna, domin abincin jama'arsu daga teku yake, kuma sun ga abin da haƙa ta yi wa tudu.

Kada mu ce dole ne kowane asusu ya ƙare haka. Tun 1956 aka fara ajiye wani kaso na kuɗin fosfat ɗin Banaba. Haƙa ta tsaya a 1979, amma asusun yana nan, ƙasar Kiribati tana taimakon kanta da shi har yanzu.

Abin da ya shafe mu

Wanda ya san ƙasar Jos ya ga ramukan kuza da aka bari cike da ruwa a inda dā gonaki ne. Yau ma masu neman zinariya da yashi da sauran ma'adinai suna zuwa ƙauyuka da kuɗi a hannu. Amfanin gona ana girbe shi kowace shekara, ma'adini kuwa sau ɗaya ake kwasarsa. Kafin a sa hannu a takarda, a nemi sanin wa zai cike ramin, da yaushe, da kuɗin wa. Kuɗin ƙungiya kuma, komai amincin ma'aji, a riƙa karanta lissafinsa a gaban kowa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane laifi ne na baƙi a labarin Nauru, wanne ne kuma na 'yan ƙasa?
2. Me ya sa mutanen Nauru suka ƙi barin tsibirinsu a 1963? Da ku ne, me za ku zaɓa?
3. In wani ya zo hayar filin ɗan ƙungiya domin haƙa, waɗanne sharuɗɗa za ku ba shi shawara ya kafa?
4. Yaushe rabon da a karanta lissafin asusunku a taro? Mutum nawa ne ke sa hannu kafin a fid da kuɗi?
5. Wane abinci ne iyayenmu suke nomawa wanda yanzu saye muke yi? Za mu iya komawa gare shi bana?