Nasiha Ga Mai Ƙaura Daga Ikko Zuwa Kano Game Da Motarsa

Babu shekarar da za ta fito ta faɗi ba a ga magidanta sun tattara nasu ya nasu daga Ikko sun fuskanci Arewa ba. Wani ma'aikacin hukuma ne da aka yi wa canjin wurin aiki ko ya cika shekara 35 ya ajiye, wani kuwa ɗan kasuwa ne da ya daɗe a Agege ko Idi-Araba, har Allah ya nufe shi da komawa gida kusa da dangi. Abin da aka sha gani shi ne, mutum zai shafe makonni yana ɗaure katifu da kwanuka da littattafai, yana lissafin kowace tabarma, amma motarsa, wadda galibi ita ce mafi tsadar abin da ya mallaka in ban da gida, sai ya bar sha'aninta sai ana gobe tafiya, sa'an nan ya damƙa makullinta ga mutumin da bai san ko unguwarsu ba. Saboda haka na ga ya kamata a yi wa 'yan'uwa bayani, domin mota a kan wannan hanya amana ce da za ta kwana a hannun wani, kuma abin da ba a rubuta ba kafin a ɗora ta, da wuya a iya nemansa bayan an sauke ta.

Da farko ya kamata matafiyi ya san tsawon abin da ke gabansa. Tsakanin Ikko da Kano ya haura kilomita 1,000, kuma manyan hanyoyi biyu ne direbobi suka sani. Ta farko ita ce wadda ta bi ta Badun da Oyo da Ogbomosho da Ilori, ta ƙetare Kogin Kwara a gadar Jebba ta faɗa Makwa, inda a da ake miƙewa ta Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, amma yanzu, saboda rashin amincin wancan daji, da yawa sukan karkata ta Bida su ɓulla wajen Suleja. Ta biyu kuwa ita ce ta Ife da Akure da Owo da Okene da Lakwaja, a haye kogin kusa da Koton Karfe, a wuce Abaji da Gwagwalada da Zuba, sa'an nan Kaduna da Zariya har Kano. Kowacce da irin wahalarta, kuma halinsu yana sauyawa da damina, kamar yadda aka gani a 2017 sa'ad da ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Makwa, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Don haka kada mutum ya dogara da labarin wanda ya bi hanyar bara. Ya je tasha ya tambayi direban da ya sauka jiya.

Magabatanmu sun sami sauƙi ta wannan fuska, domin tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, ma'aikacin da aka yi wa canji yakan ɗora kayansa, har da mota in yana da ita, a kan wagunu, ya bi su a taragon fasinja. A yau wannan tsohon layi ba abin da mai ƙaura zai gina shirinsa a kai ba ne, sai dai ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko ya tuƙa da kansa, ko ya ɗauki direba ya kai masa, ko ya ɗora ta a kan babbar mota.

Tuƙawa da kai ya fi dacewa da wanda motarsa ke da ƙoshin lafiya, shi ma jikinsa ke da ƙarfi, kuma ya yarda ya raba tafiyar kwana biyu, ya kwana a Ilori ko Lakwaja ko Abuja, ya haramta wa kansa tafiyar dare. In ya ɗauki wannan, to makaniki ya duba birki da taya da lagireto da fanbel mako guda kafin ranar, ba da safiyar tashi ba, domin gyaran da aka yi jiya shi ne yakan ba da kunya a tsakiyar daji. Kada kuma ya cika motar da mata da yara da tukwane har gindinta ya zauna. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Matafiyin kuma yana da rahusar kasarun salla da shari'a ta ba shi, tun da tafiyar ta ninka baridi huɗu, wato mil 48, sau da yawa, har ya shiga garin da ya yi niyyar zama.

Ɗaukar direba kuwa shi ne ya fi araha a ido, kuma a nan ne aka fi yin nadama. Wanda aka biya jimla, ya san gobe wata mota na jiransa a Apapa, ba shi da dalilin tausaya wa injin da ba nasa ba. Zai taka ta cikin ramuka, ya haɗa dare da rana, kuma akwai waɗanda da zarar sun fita gari sai su ɗebi fasinja da kaya a bakin titi don ƙarin riba. Haɗarin wannan ya wuce lalacewar kujeru, domin idan jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi suka buɗe wani ƙunshi a shingen bincike suka sami haramtaccen abu, motar da za a tsare taka ce, sunan da ke jikin takardu kuma naka ne. Wanda larura ta tilasta masa wannan hanya, to ya ɗauki direban da ke da mai tsaya masa, ya kuma haɗa shi da ɗansa ko ƙanensa mai hankali su tafi tare.

Abin da na fi zaɓa wa mai iyali, musamman in motar mai daraja ce ko kuwa ta tsufa, shi ne ya ɗora ta. Akwai tireloli masu hawa biyu da aka ƙera musamman don dakon motoci, irin waɗanda ke kwaso tokunbo daga tashar jiragen ruwa zuwa wurin dillalai a Kaduna da Kano, kuma su ne suka fi aminci, ko da yake ba sa tashi sai sun cika, mutum yana iya jiran kwanaki. Akwai kuma tirelolin da suka kawo shanu da albasa da tumatir Kurmi, suna neman lodin komawa, waɗanda 'yan kamasho za su yi maka tayinsu da farashi mai daɗi, balle in ana gab da Babbar Salla lokacin da suke sauke raguna. Araha dai ba ta ado. Irin wannan mota ba ta da gangaren lodi, sai a ja ta da baya a jingina da wani tudu, a shimfiɗa katako biyu, yaron mota yana daga gaba yana ɗaga hannu yana cewa, "Taho, taho, yanke hagu," mai motar kuwa yana tsaye yana jin bambarsa na gurzar ƙarfe. Da an hau kuma sai a ɗaure ta da igiyar shanu, a jibga buhuna a gefenta. Wanda ya ga haka tun a wurin lodi, ya riga ya san abin da zai tarar a Kano. Ɗaurin ƙwarai shi ne a kama tayoyin huɗu da ɗamara ko sarƙa, a sa musu waigi gaba da baya, a ja birkin hannu, ba a rataya sarƙa a bamba ko a ƙarfen sitiyari ba.

To, a nan ne maganar amana ta taso. Wannan ciniki ijara ce, kuma malamanmu sun shar'anta cewa ba ta inganta sai an san lada, an san aiki, an kawar da jahilci da garari daga tsakani. Malaman Malikiyya sun ɗauki mai dako a matsayin amintacce, ba ya lamunin abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci, in ban da mai dakon abinci. Ma'ana, ranar da aka yi saɓani, kai mai mota kai ne za ka kawo hujja. Ita kuwa hujja a wurin lodi ake tanadinta. A wanke motar tas, a zagaye ta da rana tsaka tare da direba da shaidu biyu, a ɗauki hotonta da waya ta kowace kusurwa, a rubuta duk wata lotsawa da tsagewar gilashi da take da ita tun asali, domin shi ma direba kada a zalunce shi. A rubuta lambar inji da ta shasi, da adadin kilomitan da agogo ya nuna, da sunan batir, da sunan kowace taya har safaya, da jak da abin kwance taya. A leƙa ƙarƙashi a ɗauki hoton salansa, saboda abin nan da makanikai ke kira indomi, wanda ɓarayi ke yankewa don tsadarsa. Sa'an nan a rubuta lambar tirela, da sunan direba da na maigidansa, da reshen ƙungiyar da ya yi lodi a ƙarƙashinta, da hanyar da za a bi, da ranar isa, da wurin saukewa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Duk direban da ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" sai a amsa masa da taushin murya cewa rubutu da shaidu umarni ne da ya zo a ayar bashi ta Suratul Baƙara, kuma an saukar da ita ne a kan mutanen da suka fi mu gaskiya.

Game da biya, kada a ba da kuɗin duka a Ikko. A ba da kafin alƙalami gwargwadon abin da zai sayi man tafiya, a tabbatar la'adar ɗan kamasho tana ciki ko tana waje, ragowar kuwa sai mota ta taka ƙasa a Kano. Wannan ba ƙeta ba ce, domin mai littafin Risala ma ya kafa hukuncin cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da kaya. Haka nan mutum ya sani cewa inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 tun farkon 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ta san da zaman motarka a bayan tirela ba. Abin da ke rufe wannan shi ne inshorar kaya a kan hanya, sai a tambayi mai tirela ko yana da ita, a ga takardar da ido; wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da inshora ba, akwai kamfanonin takaful da hukuma ta ba lasisi.

Takardun motar su ma sai an tsaya a kansu, domin jami'an kwastan suna tsare manyan hanyoyin nan, kuma tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, motar da ta biyo ta Kwatano ba da cikakken kuɗin fito ba tana iya kwana a hannunsu ko da ta yi shekaru tana yawo a cikin gari. Mai hankali yakan je ofishin kwastan ya tantance takardarsa tun kafin tafiya. A haɗa wa direba kwafin takardar fito, da ta shaidar mallaka, da lasin mota, da ta lafiyar mota, da inshora, tare da wasiƙar izini mai ɗauke da lambar wayarka, asalin kuwa su zauna a jakarka. A bar mai kamar rubu'in tanki, wanda zai isa hawa da sauka. A kwashe kuɗi da takardun gida da duk abin da ido zai yi sha'awa, kuma ko kusa kada a sa tukunyar gas ko janareta mai fetur a cikin but don gudun kuɗin dako. Makulli ɗaya ya bi mota, ɗaya ya bi mai ita.

Idan Allah ya kawo ta lafiya, to a tuna tirela ba ta shiga lungunan cikin birni, don haka tun farko a yi ittifaƙi a kan wuri mai fili, kamar wajen Na'ibawa a bakin hanyar Zariya. Kada a karɓe ta da dare, ko da direba yana gaggawar wucewa, kuma kada a sa hannu sai an share ƙurar hanya, domin ƙura, balle ta hunturu, tana rufe tabo. A fito da takardar nan da aka rubuta a wurin lodi a bi ta layi layi, a tayar da inji a saurara, a gwada giya da birki; in an sami aibi a nuna shi nan take a gaban shaidu, in kuwa an same ta yadda aka ba da ita, a cika wa bawan Allah haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, a ƙara masa da ihsani, domin ya kwana a Ogere da Tafa yana gadin dukiyarka kana barci. Bayan kwana biyu a kai ta wurin makaniki ya sauya baƙin mai da matatar iska, ya duba lagireto, domin motar da ta saba da laimar bakin teku za ta haɗu da ƙura da zafin bazarar Kano, wanda yakan kai digiri 40.

Ya kai ɗan'uwa mai niyyar komawa gida, ka fara shirin motarka mako biyu kafin ranar tashi, ka yi istihara, ka nemi mai dakon da aka san gidansa, ka rubuta, ka kafa shaidu, sa'an nan ka yi tawakkali, domin riƙon sababi ba ya warware dogaro ga Allah. Allah ya kai mu lafiya, ya sa ƙaurar ta zama alheri gare mu da iyalanmu, amin.