Yaro Mai Faɗa a Aji: Jan Hankali ga Malamai

Ya kai malam, ka sani yaron da ya sharara wa ɗan'uwansa mari ana tsakiyar darasi, ba a nan fushinsa ya soma ba. Wani bai karya kumallo ba ya fito. Wani da duka aka tashe shi. Wani kuwa a unguwarsu 'yan daba ne abin koyi, irin sara-suka na Bauchi ko kalare na Gombe. Ga kuma cunkoso. Tsarin ilimi na Nijeriya ya ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, amma leƙa wasu makarantun gwamnati a birnin Kano ka ga aji ya haura ɗari, gwiwa na gugar gwiwa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle waɗannan.

In faɗa ya kaure, fara raba su. Kada ka ɗaga murya, kada ka zagi uban kowa. Kira mai fushin da sunansa, ka ce ya je ya sha ruwa ya jira ka a inuwa, kai kuwa ka ci gaba da darasinka. Shari'a sai an fita tara, ku biyu kaɗai. Bar shi ya faɗi nasa har ƙarshe, sa'an nan ka gaya masa laifinsa da horonsa, horon kuwa ya dace da ɓarnar: wanda ya yaga littafi shi zai ɗinke.

Na san da yawa za su ce bulala ta fi sauri. Ta fi, amma duba abin da take haifarwa. Mai taurin kai ya cije leɓe, ya ƙi kuka, ya koma mazauninsa gwarzo a idon sa'o'insa, gobe ya huce a kan ɗan ƙarami. Gara ka ba shi aiki. Sa shi buga ƙararrawa ko ajiye alli, ka yaba masa a bainar aji ran da ya danne zuciyarsa.

Akwai abin da ya fi ƙarfin aji. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da sholisho ba su ɓace ba. In ka ga yaro na layi, ko ka tarar da wuƙa a jakarsa, kada ka yi kokawa da shi. Aika a kira hedimasta nan take, a rubuta ranar da abin da ya faru, a gayyaci mahaifinsa tare da mai unguwa.