In Akuya Ta Tsinke

Da damina, in shuka ta tsiro, a kan ɗaure dabbobi a turke. Amma ruwan sama ya kan ruɓar da igiya. Saboda haka kowace safiya, in ka kai musu ciyawa, duba igiyar.

In akuyarka ta tsinke, kada ka bi ta da gudu, sai ta ƙara nisa. Ɗauki dusa a ƙwarya, ka nuna mata, za ta biyo ka. In ta riga ta yi ɓarna a gonar maƙwabci, je ka same shi tun bai kai ƙara wurin mai unguwa ba. Ba shi haƙuri, ka biya abin da ta ci. Dawa ta kan sake tofowa, amma zumunci in ya ɓaci, gyaransa da wuya.