Sassaben Zamani: Yadda Itatuwa Suka Dawo Gonakin Maraɗi

Duk manomin da ya taɓa sharar gona da bazara ya san tsiron nan na sabara da kalgo mai fitowa wuri guda kowace shekara. A sare shi bana, baɗi ya dawo. Yawancin mutane sun ɗauke shi ciyawa mai taurin kai, alhali kuwa itace ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Da wannan tsiro manoman kudancin Nijar suka raya gonakin da aka riga aka fid da rai da su.

Bayan farin 1973 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. Mata na cin dogon zango neman itacen girki, wasu har da kara da kashin shanu suke hura wuta. Iskar farkon damina kan binne shuka da rairayi, sai mutum ya shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. An zuba kuɗi wajen dashe, amma kaɗan ne ya rayu: awaki su ci, gara ta ci, rana ta ƙone saura.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya tsaya a hanya don ya rage wa tayoyin motarsa iska saboda yashi. Ya dubi wani tsiro a gefe, ya ga ashe ganyen itace ne. Nan ya gane cewa dajin bai mutu ba, hana shi tashi ake yi.

Ga yadda aikin yake. Lokacin sassabe manomi ya zaga gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so. A kowane ɗaya ya bar rassa miƙaƙƙu masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. A tabbata gatari ko adda na da kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Rassan da aka bari a rage musu ƙananan 'ya'ya har wajen rabin tsayinsu. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, ba a bukatar ban ruwa ko sayen iri, kuma girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Da farko dariya aka yi. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tas, wanda ya bar tsiro kuwa rago ne. A yunwar 1984 aka riƙa ba mutane hatsi bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabo ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Waɗanda suka daure su ne suka ga gero ya fi kyau, ga itacen wuta a kusa, ga abin sayarwa da rani.

Babban cikas ma ba yashi ba ne, doka ce. Tun zamanin Faransa itace na hukuma ne, ko a gonar wa ya fito, kuma malamin daji na iya cin mutum tara don ya sare reshe. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sannan aikin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci.

Gawo ya cancanci a ware shi. Shi da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, sa'ad da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Wanda ya bi ta yankin Matamaye da Magarya a ƙasar Damagaram zai ga gonaki cike da shi.

Masu bincike da suka gwama hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya shahara da gina ramukan tara ruwa da taki a fako.

Abin da ya rage shi ne tsaro, don ɓarawon itace da dare yake zuwa. Mutanen Ɗan Saga a jihar Maraɗi sun kafa kwamitin sa ido, da mata da makiyaya a ciki, suka yanka tara ga duk wanda aka kama yana sara a gonar wani ba da izini ba.