Mawaƙi Da Ubangida A Zamanin Faifai: Nazari A Kan Mawaƙiya Raye

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙoƙin baka na Hausa sun daɗe da bambanta makaɗan fada da makaɗan jama'a. Makaɗin fada, kamar Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, yana da ubangida guda wanda ke ɗauke da cinsa da shansa da suturarsa, shi kuwa ya tsare masa yabo, ya yi wa 'yan hamayyarsa zambo. Makaɗin jama'a kuwa, kamar Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos, ba a ɗaure yake a ƙofar kowa ba, don haka bakinsa ya fi sakewa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa batun mawaƙi da ubangida bai tsaya ga fada kaɗai ba. A ƙasashen Turawa kamfanin faifai ne ya gaji matsayin ubangida. Domin tabbatar da haka za a dubi rayuwar Raye, mawaƙiyar Ingila mai tsara waƙoƙinta da kanta, wadda ba ta kai ƙololuwar ɗaukaka ba sai bayan da ta rabu da kamfaninta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

Sunanta na yanka Rachel Keen. An haife ta a Landan ranar 24 ga Oktoba, 1997. Mahaifinta Bature ne ɗan Ingila, mahaifiyarta kuwa tana da jinin Gana da na Suwizalan. Ta tashi a Croydon, kuma a coci ta fara buɗe murya. Daga baya ta shiga makarantar BRIT, wato makarantar koyon kiɗa da wasanni wadda Adele da Amy Winehouse suka bi ta cikinta, amma ta bar ta bayan shekara biyu. A 2014 ta ƙulla yarjejeniyar kundin waƙoƙi huɗu da kamfanin Polydor, wanda reshe ne na Universal Music.

3.0 Zama Ƙarƙashin Ubangida

Kafin a yi nisa ya kamata a bayyana yadda irin wannan yarjejeniya take. Bisa al'ada, kamfani kan ba mawaƙi kuɗin kafin alƙalami, ya biya ɗakin ɗaukar murya, ya ɗauki nauyin talla. Amma fa akasarin kuɗin nan tamkar bashi ne, domin daga kason mawaƙi ake cire su kafin ya fara ganin riba. Bugu da ƙari, kamfani ne ke mallakar ainihin sautin da aka ɗauka, shi ne kuma ke yanke ranar da waƙa za ta fita, ko ma ya hana ta fita. Hausawa kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Askin da Raye ta yi shi ne rera waƙoƙin rawa a faifan waɗansu makaɗa. “You Don't Know Me”, wadda ta yi da Jax Jones a ƙarshen 2016, ta kai mataki na 3 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Haka ma “Bed”, wadda ta yi da Joel Corry da David Guetta a 2021. A ɓangaren rubutu kuma, tana cikin waɗanda suka tsara wa Beyoncé waƙar “Bigger” ta 2019. Ke nan muryarta ta shiga ko'ina, alƙalaminta ya yi wa manya aiki, amma cikakken kundi mai ɗauke da sunanta bai fito ba. Matsayinta ya yi kusa da na ɗan amshi mai zaƙin murya, wanda kowa ya san amonsa, amma ba a ba shi jagorancin waƙa ba.

4.0 Rabuwa Da Cin Gashin Kai

A watan Yuni na 2021 ta fito fili a Twitter ta bayyana cewa shekara bakwai ke nan tana ƙarƙashin yarjejeniyar, amma ba a yarda ta fitar da kundi ko ɗaya ba. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin mawaƙin da ya tona asirin ubangidansa a bainar jama'a yana iya rasa gida, ya kuma rasa mai karɓarsa. A watan Yuli ta sanar da cewa sun rabu da Polydor.

Daga nan ta haɗa kai da Human Re Sources, kamfanin da aikinsa rarraba waƙoƙi ne, mallakar sautin kuwa ta zauna a hannunta. A watan Oktoba na 2022 ta fitar da “Escapism” tare da mawaƙiyar Amurka 070 Shake. Matasa suka ɗauki waƙar, suka ƙara mata sauri, suka yi ta yaɗa ta a TikTok, har a watan Janairu na 2023 ta hau mataki na 1 a Birtaniya, abin da Raye ba ta taɓa samu ba a zamanta na Polydor. A Amurka ma ta kai mataki na 22 a jerin Billboard. Kundinta na farko, “My 21st Century Blues”, ya fito ranar 3 ga Fabrairu, 2023, ya kai mataki na 2. A bikin kyaututtukan BRIT na ranar 2 ga Maris, 2024 ta lashe kyauta shida a dare ɗaya, alhali kafin nan ba wanda ya taɓa wuce huɗu.

5.0 Jigo Da Salo

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗalibin adabi ba yawan kyaututtuka ba ne, a'a, sauyin da aka samu a cikin waƙoƙin kansu ne. Waƙoƙin da aka san ta da su a da, akasarinsu na soyayya ne da nishaɗin dandali. Da ta sami kanta sai jigoginta suka yi nauyi.

“Hard Out Here” habaici ce ga manyan mazan da ke riƙe da ragamar sana'ar waƙa. A nan an juya al'adar makaɗin fada: maimakon a yi wa maƙiyin ubangida zambo, ubangidan ne aka sa a gaba. “Ice Cream Man” ta yi bayanin cin zarafin da wani mai haɗa kiɗa ya yi mata, lamarin da mata da yawa kan binne saboda tsoron rasa abinci. “Body Dysmorphia” ta taɓo ƙyamar da mutum kan yi wa surar jikinsa. Ita kuwa “Escapism” labari ce ta mace wadda masoyinta ya rabu da ita, ta faɗa shaye-shaye don ta manta. Kiɗanta na rawa ne, amma zancenta na baƙin ciki, kuma wannan saɓani tsakanin amo da ma'ana shi ne ƙarfin waƙar.

Ta fuskar salo, kundin ya gwama kiɗan jaz da na coci da na rawa da salon zuba magana da sauri. Kamfani ya fi son a san mawaƙi da launi ɗaya domin sauƙin talla. Mai cin gashin kansa ne ke iya haɗa su duka a faifai guda.

6.0 Iyakar Wannan 'Yanci

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka ita kaɗai ta yi aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da farko, shekarun Polydor ba su tafi a banza ba: a cikinsu ta goge a rubutu, ta yi suna, ta san mutane. Na biyu, shi kansa Human Re Sources yana ƙarƙashin Sony Music tun 2020, wato ba ta fita daga inuwar manyan kamfanoni ƙwata-ƙwata ba. Na uku, yaɗuwar waƙa a TikTok ba abu ne da mawaƙi ke iya shiryawa yadda ya so ba, kuma masu cin gashin kai da yawa sun fitar da waƙoƙi masu kyau ba a ji su ba.

Saboda haka 'yancin nata ya tsaya ne a kan abu biyu: ikon zaɓar abin da za ta faɗa, da mallakar abin da ta faɗa. Ita kanta ta gane cewa matsalar ba tata ce ita kaɗai ba, shi ya sa a daren kyautar BRIT ta yi kira da a riƙa ba marubuta waƙa kaso daga cinikin sautin da aka ɗauka, don kada a ci gaba da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kamfanin faifai ke ɗaukar nauyin mawaƙi kamar yadda fada ke yi, da yadda ɗaukar nauyin ke iyakance jigonsa. Sai dai akwai bambanci guda: sarki kan nemi yabo, amma waƙar takan zauna a bakin makaɗinta, ya tafi da ita duk inda ya nufa, kamfani kuwa ba ya neman yabo, waƙar ce yake riƙewa. Don haka duk mai nazarin jigon wani mawaƙi, na fada ne ko na faifai, ya kyautu ya fara da tambayar wane ne ke ciyar da shi, kuma a hannun wa waƙar take kwana.