Yadda Ake Yankar wa Tsohuwar Mota Inshora Mai Sauƙi

Idan sanyi ya shiga, ruwan Tiga ya cika magudanan Kadawa da Kura da Bunkure, tsofaffin motoci ne ke shan wahalar noman rani. Akori-kura na jigilar kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan, J5 na kai buhunan shinkafa injinan casa na Kura. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta binciken inshora a kan hanya. Ga yadda mai tsohuwar mota zai yanki tasa ba tare da an ƙware shi ba.

Da farko, ka yi wa motarka kuɗi tsakani da Allah. Inshorar da aka fi sani iri biyu ce. Akwai cikakkiya, wadda ke biyan gyaran motarka da na wanda ka buge, har da sata da gobara. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. Motar da ta kai naira miliyan 2 za ta ci aƙalla 100,000 ke nan a shekara. Akwai kuma ƙarama, wadda doka ta wajabta. Ita ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya: rauni, rasa rai ko asarar dukiya. Motar da ta tsufa, wadda bakaniken Kura zai tayar da ita da kayan gwanjo, ƙaramar ta fi dacewa da ita. Sai dai ka sani, ba za ta biya gyaran motarka ba, balle tumatirin da ya zube.

Na biyu, ka san rukuninka. Daga 1 ga Janairun 2023, NAICOM ta tsayar da farashin ƙaramar inshora kamar haka: motar gida naira 15,000, a biya ɓarnar dukiya har miliyan 3, motar da ke ɗaukar kayan mai ita 20,000, a biya har miliyan 5, babbar motar haya mai dakon kayan jama'a 100,000, Keke Napep 5,000, babur 3,000. A nan da yawa ke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. Mutum yana dakon kayan manoma ana biyansa, sai ya rubuta motar gida don ya rage kuɗi. Ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfani na iya ƙin biya saboda bayanin da aka ba shi ba gaskiya ba ne.

Na uku, haɗa takardu: lasisin mota, shaidar mallaka, lambar mota, lambar shasi da ta inji. Tsohuwar mota ta sha hannu, wataƙila an sauya mata inji ko launi. Ka leƙa lambobin a jikinta da idonka, ka gwada da na takarda, a kuma rubuta sunanka ba na wanda ya sayar maka ba.

Na huɗu, zaɓi kamfani. Tunda farashin a ƙayyade yake, ciniki bai taso ba. Abin tambaya shi ne: yana da lasisin NAICOM? Yana da ofis a Kano inda za ka same su? Direbobin tasha sun taɓa ganin ya biya wani? Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai ta takaful a tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Duk ɗan kamashon da ya ce maka "Alhaji, kawo dubu biyar na haɗa maka," takardar banza zai miƙo maka. Araha ba ta ado.

Na biyar, tantance kafin ka bar wurin. Danna *565*11# a wayarka ka shigar da lambar motar, ko ka duba a shafin askniid.org na ƙungiyar kamfanonin inshora. Idan motarka ba ta fito ba, ka nemi su shigar da ita, ka riƙe rasiɗinka har ka ga ta bayyana.

Na shida, idan hatsari ya auku, ka ɗauki hoto, ka sanar da 'yan sanda, ka kira kamfanin a ranar. Kada ka ɗaure kanka da alƙawarin biyan kuɗi a gefen titi kafin su ji. Ka kuma tabbata yaron da ke tuƙa maka motar yana da lasisin tuƙi mai rai.

Inshorar shekara guda take yi. Ka daidaita sabuntawarta da kakar shinkafar damina, lokacin da akwai kuɗi a hannu, don kada wa'adinta ya ƙare kana kan titin Zariya da lodin tumatir, rana tana dukansa.